Yaya kuke yi wa abokan aiki gyara, kowa da halinsa?

Ƙanwarku daga wajen Jega:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. Wata huɗu ke nan da aka ba ni riƙon wani ƙaramin asibitin karkara, mu bakwai ne. Firjin rigakafi ana duba shi safe da yamma, a rubuta a takardar da ke manne a jikinsa, kada sanyinsa ya fita daga maki 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi. Allurar Penta, ta rigakafin cututtuka biyar na jarirai, in ta daskare ta tashi aiki, ta ƙyanda kuma zafi ke lalata ta. Ranar Talata na tarar kwana uku babu wanda ya rubuta komai. Mutum biyu ke da alhakin: wata yarinya sabuwar ɗauka, da wani dattijo da ya kama aiki ba a daɗe da cire Kebbi daga jihar Sakkwato ba a 1991, lokacin ina goye. Na haɗa su na yi musu magana iri ɗaya, gaban mata masu jiran awo. Yarinyar ta shige ɗakin magani tana kuka. Baba ya ce, "To, ranki ya daɗe." Tun ranar da ka yake amsa gaisuwata. Wallahi wannan "ranki ya daɗe" ya fi mini mari zafi. Ina na yi kuskure?

Tsohon hedimasta, Argungu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Maganarki daidai ce, wurin faɗinta ne bai yi ba. Matan nan masu jiran awo 'ya'yan maƙwabtansa ne, wasu ma shi ya yi musu rigakafi suna jarirai. Kafin la'asar labari ya kai gidansa.

Na yi shekaru ina duba littafin shirin darasi na malamai duk safiyar Litinin, kuma ban taɓa samun mutum biyu da magani ɗaya ya yi musu ba. Akwai wani malamin lissafi, mai zafin kai amma gwani. In na fara da yabo sai ya ce, "Malam, faɗi abin da ke bakinka." Shi kai tsaye nake gaya masa, a tsaye, cikin minti ɗaya, mu rabu lafiya. Akwai wata malama kuma, ko jan biro ta gani a littafinta sai ta wuni ba ta ci abinci ba. Ita da fensir nake yi mata alama a gefe, in ce ta goge in ta gyara. Dariya malamai suka riƙa yi mini, amma cikin zango ɗaya littafinta ya fi na kowa tsabta.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne malamin Arabiyya da ya girme ni da shekara goma, ga shi limamin unguwarsu. Makara yake yi kullum. Ban taɓa ce masa ya makara ba. Gidansa na je bayan magariba, muka zauna kan tabarma, na ce masa yara malamai sun fara zuwa a makare kuma na rasa yadda zan yi da su, ya ba ni shawara. Ya yi shiru, ya yi murmushi, ya ce, "Na ji, Malam." Hannunka mai sanda ya ishi irinsu.

Mai kula da ma'aikata a injin shinkafa, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni hannunka mai sanda ya taɓa jawo mini asara. Shinkafar da aka turara sai ta bushe, danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin ta shiga inji, in ba haka ba ta kakkarye ko ta yi wari a buhu. Wani yarona yana gaggawar kwashewa daga shanya. Na yi ta zagaye-zagaye, "Rana ba ta da ƙarfi kwanan nan ko?" Ya ce, "Wallahi kuwa, oga." Bai san da shi nake ba! Sai da ɗan kasuwa ya dawo mana da buhu 20. Ranar na ɗauko na'urar awon danshi na sa a hannunsa, na ce ya karanta da kansa. Tun daga nan ba mu sake yi ba. Wani mutumin ba taurin kai gare shi ba, habaici ne kawai ba ya shiga kansa.

Injiniyanmu kuma Bayarabe ne, ni Bagobiri, kun san wasan da ke tsakaninmu. Duk gyaran da zan yi masa cikin tsokana nake cusa shi, ya rama, aiki ya gyaru. Na gwada haka da wani ɗan bautar ƙasa, ya ɗauka raini ne, sai da na ba shi haƙuri.

Ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma:
Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Wannan "kowa da halinsa" shi ne ƙofar son kai a ofisoshinmu. Mai baki da mai uwa a gindin murhu a bi su gida da lallashi, marar galihu a miƙa masa takardar tuhuma ya amsa cikin awa 48, alhali laifin ɗaya ne. Da idona na ga an cika wa mutum fom ɗin APER, na auna ƙwazon ma'aikaci duk shekara, da yabo don ana tsoron fitinarsa, ya samu ƙarin girma bayan shekara 3, mai haƙurin da ke yin aikin yana nan inda yake. Murya za a iya sauyawa, na yarda. Abin da ke shiga fayil kuwa bai kamata ya san halin kowa ba.

Tsohon hedimasta, Argungu:
Ban ƙi taka ba. Limamin nan da bai daina ba, da na rubuta. Sai dai da na fara gaya masa zan rubuta.

Tela, Zuru:
Ni 'yan koyo tara gare ni. Mai surutun ba ta ba ni tsoro, za ta musa, ta yi gunaguni, ta farke ɗinkin ta sake. Mai cewa "to Anti" ga komai ita nake sa wa ido. Ɗaya ta yi mini "to" wata shida, ashe ba ta iya karanta tef ba, kunya ta hana ta faɗa. Yanzu ba na tambayar "kin gane?" Sai in miƙa mata ƙyalle in ce ta gwada mini.

Wani akawu, Yauri:
Bari in yi magana a madadin masu kuka a ɗakin magani, don ni ma irinsu ne. In aka yi mini faɗa gaban mutane ba na jin ko kalma ɗaya, kunnena ɗumi kawai yake yi. Shugabar da na fi jin daɗin aiki da ita saƙon WhatsApp take turo mini da yamma, layi biyu: ga inda lissafi bai daidaita ba, mu duba da safe. Kafin safiya na huce, na gano kuskuren, wani lokacin har da wanda ba ta gani ba. Hajiya, ki gwada wa yarinyar nan haka.

Ƙanwarku daga wajen Jega:
Na gode, Allah ya saka. Jiya bayan an tashi na sami Baba yana ɗaure kaya a babur. Na gaishe shi, na ce ban kyauta ba da na yi magana gaban mata, amma maganar firji tana nan, kuma na rubuta ta a littafin aiki da sunayensu su biyu. Ya daɗe yana murza makulli. Sai ya ce ma'aunin zafin ne ke masa wuyar gani da yamma, tabaraunsa ya fashe tun watan jiya, bai so yara su sani ba. Mun raba: shi safe, ita yamma. Yarinyar na tura mata saƙo, ta amsa da "to Anti", don haka gobe zan tsaya kusa da ita ta karanta mini ma'aunin da bakinta.