Wane suna za mu ba ma'ajin wutar sola na ƴan kasuwa?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Mai sayar da ƙanƙara, ko mai farmasi, ko mai shagon ɗinki ya shimfiɗa allunan sola a kan rufinsa. Da rana suna ba shi wuta fiye da abin da yake ci, sai ya tara rarar ya yi aiki da ita bayan magariba, ko lokacin da aka ɗauke kuran. Wannan abin da ake tarawa a ciki, shi da duk kayan da ke tafiyar da shi, mene ne sunansa da Hausa? A nan Maraɗi kowa "batir" yake cewa. Ni kuwa ina ganin kalmar ta yi masa kaɗan, kuma ƙarancin nan nata yana cinye wa mutane kuɗi.

Ga dalilina. In ka ce batir, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne na mota ko na tocila. Shi kuwa batirin mota an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta ƴan daƙiƙu, inji ya tashi, a mayar masa da abin da ya fitar nan take. Ba a yi shi don a tatse shi kowane dare ba. Amma tunda suna ɗaya ne, sai mai gida ya aiki yaro ya sayo na babbar mota a jera a bayan kanta. Na shiga wani shago kusa da babbar kasuwa na tarar da haka: batura huɗu a kan siminti, jingine da ƙofar ƙarfe wadda rana ke duka tun hantsi, kawunansu sun yi farin gishiri, ɗaya har ya kumbura. Mai shagon yana ta rantsuwa cewa sola yaudara ce, alhali allunansa lafiyarsu ƙalau.

Kuma maganar ta wuce ta ƴan kwalisa. Kafin Agustan 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, tamu ta Maraɗi da Damagaram ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Da aka katse ta a wancan watan kowa ya ga abin da ya faru da mai firigo da mai walda. Tun daga nan duk wanda sana'arsa ta rataya a kan wuta yake lissafin sola da kuɗin gazuwal na grup, wato injin ba da wuta. Abin da mutum zai zuba jarinsa a ciki haka, ya kamata ya san sunansa da harshensa.

An ba ni shawarwari. "Ma'ajiyar wuta" daidai ce, sai dai faɗinta ya yi yawa, ba ta koya wa mai ji komai. "Taskar lantarki" tana da daɗin faɗi, amma taska wurin abin da ake ɓoyewa ne a daɗe ba a taɓa ba. "Bankin wuta" kuma samari sun riga sun ba ɗan abin cajin waya. Na bar su.

Tawa shawarar ita ce: rumbun lantarki.

Ba ni na fara kai rumbu cikin harkar na'ura ba, don mun daɗe muna jin "rumbun adana bayanai" a rediyo, kunne ya saba. Abin da ya ja ni gare ta shi ne duk Bamaraɗe, ko bai taɓa riƙe hauya ba, ya san dokokin rumbu, kuma kusan su ne dokokin wannan abu. Rumbu ana tambayar dami nawa yake ci. Nan ma haka: ana auna cikinsa da kilowat-awa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200, in ka ninka su, kilowat-awa 2.4 ke nan. Amma abin da rumbu ke ci daban, faɗin bakinsa daban. Bakin shi ne kilowat, wato yawan wutar da za ta iya fita a lokaci guda, kuma inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita, ita ce ke ƙayyade shi. Nan ne masu ƙanƙara ke shan wahala, domin injin firigo in zai tashi yakan ja ninkin abin da yake ci sau da yawa na ɗan lokaci. Rumbu cike yake, amma baki ya yi ƙanƙanta, sai komai ya mutu.

Sannan mai hankali ba ya share rumbu har ƙasa. Batirin dalma, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, in ana son ya yi ƙarko ba a cin fiye da rabinsa. Kilowat-awa 2.4 ɗin nan, naka a ciki 1.2 ne, wato awa shida ga na'urar da ke jan wat 200. Na lityum, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, musamman nau'in da ake kira LFP (mai haɗin ƙarfe da fosfat) da ake kawowa yanzu, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma yana jure cikawa da zubarwa sau dubbai inda na dalma ke yin ɗaruruwa. Tsadarsa a ranar saye take.

Sai zafi, wanda shi ne garar wannan rumbu. Ma'aunin da masu ƙera batura ke lissafi da shi digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri goma yakan rage wa na dalma kusan rabin rayuwarsa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Don haka ɗaki mai iska da inuwa yana cikin kayan aikin, kamar yadda ɗan kwamfutan da ke cikin batirin lityum mai hana shi cika fiye da kima yake ciki. Kalmar batir ba ta ɗauke waɗannan duka. Rumbu kuwa da jinka da duwatsun da aka ɗora shi a kai ake kiransa rumbu.

Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, gero shekara yake yi a rumbu, naka kuwa kullum sai an cika an kwashe, ai randa ce." Baba, maganarka gaskiya ce, kuma nan ne kalmar ta gaza. Amma ina tsoron randa da wuta a jimla ɗaya su sa wani ya ɗauka ruwan batir ake nufi. Na gwammace rumbu da wannan ƴar tawayar.

Wata Hajiya mai sayar da lemun sanyi kuma ta ce in rufa mata asiri kada in ce "rumbun wuta", wuta da rumbu ba a haɗa su ko a baki. Hajiya, na karɓa hannu biyu. Shi ya sa na tsaya a kan lantarki, duk da "wuta" ta fi sauƙi a harshe.

To ga yadda nake so mu riƙa faɗi. Batir ya zauna a matsayinsa, sunan ƙwaya ɗaya. In an haɗa batura da inbata da mai daidaita caji a wuri guda don sana'a, rumbun lantarki ne. Mai saye ya tambayi mai haɗawa: rumbun nan kilowat-awa nawa yake ci, nawa zan iya ci a ciki, bakinsa kilowat nawa ne, kuma na dalma ne ko na lityum? Masu haɗa sola na Maraɗi da Tasawa da Madarumfa, ku gwada ta a gaban masu sayenku wannan makon, ku faɗa mini ko sun gane ba tare da dogon bayani ba.