Neman shawara: in rubuta bayanin wurin abokina ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shafi da nake bayanin wuraren cin abinci a Kaduna. Abokina tun sakandare, wanda ya taɓa biya min kuɗin haya lokacin da na rasa aiki, ya buɗe wurin shaƙatawa a Barnawa, ya ce in zo in ci in rubuta. Gasasshiyar tarwaɗarsu ba a magana, da ranta za ka nuna wadda kake so a cikin roba, a gasa ta da attaruhu da albasa. Amma farfesun kayan ciki gishiri ya yi masa yawa, zoɓon ba sanyi, janareta kuma dab da tebura, ga kiɗa, ko na kusa da kai ba ka ji. Abin da ya fi damuna, ana sayar da giya a gefe guda. Ni Maltina na sha. Yaya zan yi?

Baban Khalifa: Malam, kada ka soma. Duk wanda ya je saboda rubutunka ya faɗa wa kwalba, kana da kamasho. Magana ta ƙare.

Maman Ilham: Haka wani ya yabi wani wuri, muka kwashi yara muka je, sai kwalabe a kan tebura. Har yau maigidana yana yi min gori. Masu bayanin nan ba ku da tausayi.

Ɗan Kawo: Ka rubuta gaskiya duka, har giyar da janaretan. Kowa ya zaɓa wa kansa. Barnawa ba Tudun Wada ba ce, kowa ya san haka.

Mai tambaya: Hajiya, ni ban taɓa ɓoye komai ba. Kuma teburan masu sha suna can baya, da katanga a tsakani.

Baban Khalifa: Katanga tana hana kuɗin kifi da na giya haɗuwa a aljihu ɗaya? Ka biya shi kuɗin hayarsa ka huta.

Ɗan Kawo: To in ya yi shiru, abokin zai ɗauka wulaƙanci ne.

Mai tambaya: Alhaji, ba bashi ba ne, halacci ne. Ya sake kirana yau, na ce ina hanya.

Maman Ilham: Nawa suke sayar da tarwaɗar?