Gani ya kori ji: har yanzu kuwa?

Ɗan Mabera: Jama'a ku raba mu. Jiya a shago ni da yayana munka yi kaca-kaca kan bidiyon da ke yawo a WhatsApp, wai ma'aikatan wani gidan ruwan leda na cika leda da ruwan kwata. Na ce aikin ƙirƙirarriyar basira ne, wato na'urar AI mai iya haɗa bidiyon bogi, don hannun mutumin yatsa shida gare shi. Yac ce "gani ya kori ji", ya hana a sake sayen ruwansu gidanmu. Karin maganar nan tana da sauran aiki?

Malamin Islamiyya: Ganin da magabata ke nufi shi ne ka je da ƙafarka. Wanda ya kalli waya ji ya yi, da ido dai. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ce a bincika labarin fasiƙi, ba ta ware bidiyo ba.

Na Tsohuwar Kasuwa: Allah gafarta Malam, a 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo da manyansa, fuska tasu murya tasu, ya tura dala miliyan 25. Ashe duk na bogi ne. Wannan gani ya yi ko ji?

Uwar Biyu: Ku da wata na'ura. Kakata hura take saidawa a Wurno, ƙwaryarta ba ta kai azahar. Sai wata mai neman wurin zamanta tac ce ta gan ta da idonta tana dama da ruwan wankan gawa. Har da rantsuwa. Ranar kasuwa Inna ta zauna ta shanye ludayi uku gaban mutane, ta ɗura wa 'ya'yanta, babata na cikinsu. Mutane sunka ce ai mai abu ya san makarinsa. Damina biyu tana komawa gida da hura tana tsami, har ta saida tunkiyarta. Daga baya matar ta nemi gafara, amma a ɗaka, ita da Inna da bango. Waɗanda sunka ji ƙaryar a kasuwa ba su ji tuban ba.

Ɗan Mabera: Allah ya jiƙan Inna. To ta koma sana'ar?

Uwar Biyu: Daddawa ta koma. Tac ce wannan ko an ce tana wari ba a yi mata ƙarya ba.

Ɗan Kabu-kabu: Ni da na'urar za ta haɗa mana bidiyon titin unguwarmu an zuba kwalta, ko a waya mu gani. Wani ya ƙaddamar da shi sau biyu.

Na Tsohuwar Kasuwa: Ai irin mai ƙaddamarwar nan ta yi wa rana. Gobe ka kama mutum yana cusa kuɗi a babbar riga, ya ce haɗawa anka yi.

Malamin Islamiyya: A dawo kan magana. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Uwar Biyu: Malam, furen nan shi ya ci tunkiyar Inna. Kuma wa bai yi wankan gishiri ba a 2014 lokacin Ebola? Ko hoto babu, kiran waya ne da asuba.

Ɗan Kabu-kabu: Ni har sha na yi. Ɗan Mabera, yanzu wane ruwa kuke sha gidan?

Ɗan Mabera: Na rijiya. Yaya bai ga bidiyonta ba tukuna.