Tambaya kan sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2024

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar nan ya fahimtar da ni. Zaɓen da aka yi ran 26 ga Oktoba 2024, hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta ce NNPP ta cinye ciyamomi 44 kaf da kansiloli 484, ko mazaɓa ɗaya ba ta kuɓuce mata ba. Haka APC ma ta kwashe ciyamomin duka a 2018 da 2021 zamanin Ganduje. To wai ya za a ce duk wanda ke gidan gwamnati shi kaɗai jama'a ke so, har a unguwar da kowa ya san ba tasu ba ce?

Malamin Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka fara duba wa ke naɗa hukumar tukuna. Gwamna ne ke zaɓo shugabanta da kwamishinoninta, majalisar jiha ta amince, kuɗin aikinsu ma daga jiha yake fitowa, to ka ga ai da wuya su ba wa uban gidansu kunya. Kalli Abuja inda INEC ce ke yi, a 2022 PDP ta ɗau AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja) da Bwari da Kuje, APC ta ɗau Gwagwalada da Abaji da Kwali, uku-uku. Can ka ga alamar an ƙirga ƙuri'a.

Hajiyar Tarauni:
A dai yi adalci Malam, APC ba ta shiga na 2024 ba, ta tafi kotu ne, kuma 'yan sanda suka ce ba za su ba da tsaro ba saboda umarnin kotun na hana zaɓen, amma aka yi zaɓen a haka. Ni abin da ya fi ci min rai kuɗin fom ne, da farko miliyan 10 aka sa wa ciyaman, kansila miliyan 5. Yaron kirki a unguwa mai son gyara mazaɓarsa ina zai samo wannan in ba wani babba ne ya tsaya masa ba? In ya ci kuma babban zai yi wa aiki, ba mu ba.

Ɗan Gwale:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kotun Ƙoli ta ce tun 11 ga Yuli 2024 a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ba kantomomi ba. Mu nan kwatar layinmu duk damina sai ta toshe ruwa ya shiga gidaje, mu ke haɗa kuɗi mu ɗauko masu yasa, kuma ni so nake in samu kansilan da zan je ƙofar gidansa in ce ƙuri'ata ce ta kai ka.