Wace kalmar Hausa za mu ba "socialisation" a renon kwikwiyo?

1/ 'Yan'uwa masu kiwon karnuka, da ku malaman harshe, kalma nake nema. Turawa kan ce socialisation idan suna nufin yadda ake nuna wa kwikwiyo duniya tun yana ɗan mitsitsi: mutane iri-iri, wasu karnuka, dabbobi, mota, ruwa, hayaniya, har ya girma bai ɗauki kowane baƙon abu a matsayin hatsari ba. Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen karen maharbi, irin su Labrador da Spaniel da Pointer. Su ba kisa ne aikinsu ba. Su gano tsuntsu, su tayar da shi, ko su ɗauko shi bayan an harbo. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, rukuni guda ta ware musu. Kare irin wannan in ya taso matsoraci, aikin ya mutu tun ba a fara ba, domin kusa da ƙarar bindiga zai yi rayuwarsa.

2/ Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. A 1961 wasu masu bincike uku a Amurka, Freedman da King da Elliot, suka bar 'yan kwikwiyo da uwayensu cikin fili mai shinge, ba mutumin da ke wasa da su. Sai a ɗauko wasu su yi mako guda a hannun mutane, waɗansu suna da mako 2, waɗansu 3, 5, 7 ko 9. Waɗanda aka ɗauko wajen mako 5 zuwa 7 su suka fi sakin jiki da mutum. Waɗanda aka bari har mako 14 kuwa, gudun mutum suke yi kamar ba karnukan gida ba. Dogon binciken Scott da Fuller a garin Bar Harbor na Amurka, wanda suka fitar a 1965, shi ma nan ya tsaya: daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ya fi karɓar baƙon abu ba tare da fargaba ba. Ke nan kalmar da muke nema dole ta nuna aiki ne da mai kare yake yi wa kare, a hankali, kuma yana da lokacinsa.

3/ Da na yi tambayar, mutane sun kawo kalmomi. Ta farko da aka kawo ita ce zamantakewa. A littafin makaranta ta zauna daram, amma gwada ta a baki: "Jiya na yi wa kwikwiyona zamantakewa." Ba wanda zai faɗi haka. Cuɗanya ta fi kusa, sai dai ta tsaya kan masu rai, ta bar ƙarar mota da santsin daɓe da shiga ruwa a waje.

4/ Malam, kai ka ce horo, kuma na ga mutane da yawa sun bi bayanka. A gafarce ni, duk cikin kalmomin nan ita na fi gudu. Horo shi ne koya wa kare zo, zauna, tsaya da jin usur, ɗauko ka kawo. Wannan ko yana da shekara guda zai koya. Sannan in aka ce "an yi wa wane horo", kowa ya san ba lallami ake nufi ba. Ka ba mutum kwikwiyon da ke ɓuya ƙarƙashin kujera ka ce ya je ya hore shi, me kake zato zai yi? Zai ja shi da igiya ya kai shi tsakiyar taro, ko ya harba bindiga kusa da shi wai don ya daina tsoro. Wani lokaci karen zai yi tsit, mai shi ya ɗauka an ci nasara, alhali sandarewa ya yi don ba wajen gudu. Masu karnukan harbi sun sani sarai, karen da aka razana da bindiga yana ƙarami, gyaransa watanni yake ci, wani ma ba ya gyaruwa.

5/ Abin da ake yi wa mai ɗari-ɗari akasin haka ne, kuma duk sirrin yana cikin tazara. A tsaya da shi can nesa da abin da yake tsoro, daidai inda yana ganinsa amma har yanzu yana karɓar loma daga hannu. In ya ƙi ci, an matso da yawa, a ja baya. Jikinsa ne ke ba da labari: jela a matse, kunnuwa a kwance, yawan lasar leɓe, hamma ba barci, kau da kai. Baƙo ya zauna a gefe, kada ya zura masa ido, kada ya miƙa hannu ta saman kansa. Shi kwikwiyon ne zai zo ya sunsuna in ya ga dama, kuma a bar masa hanyar komawa. Minti kaɗan ya isa, a tashi tun bai gaji ba. Babban kare mai natsuwa yana taimakawa ƙwarai, don ƙaramin na lura da yadda babban bai damu ba.

Bindiga kuwa ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba. A fara da tafa hannu daga nesa yayin da yake cin abinci ko yake bin abin wasansa. Sai ƙarar kwano. Bayan watanni, sa'ad da ya riga ya haukace da son ɗauko abin da ake jefa masa, sai wani ya harba 'yar bindigar da ba harsashi daga can ƙarshen fili, daidai lokacin jifan. Ana so ƙarar ta zame masa albishir cewa abin ɗauka ya faɗi. Ku tuna kunnen kare na jin sautin da namu ba ya kamawa, abin da muke ɗauka ƙaramar ƙara ba haka take a wurinsa ba.

Malam, ka ga ko akwai inda horo ya shiga nan?

6/ Sauran da aka kawo: tarbiyya ta mutum ce, akwai kunya da sanin ya kamata a cikinta. Wayewa ta ba ni dariya, sai ka ce karen zai fara karanta jarida. Shaƙuwa kuwa da mutum ɗaya ake yin ta, kuma matsoracin kwikwiyo ai ita ta yi masa yawa: ya manne wa mai shi, ya guji sauran duniya.

7/ Yaya, kalmar da kika kawo ce ta tsaya min a rai: sabo. Kare ya saba da mutane, ya saba da mota, ya saba da ƙara. Ta ɗauki mai rai da marar rai, kuma ba a sabo rana ɗaya. Matsalarta a rubuce take. Sabo na sabawa da sabo na sabon abu harafinsu ɗaya, ga kuma masu rubutu a waya da ke jefar da ƙugiya, su mai da saɓo ya koma sabo. Ban da haka, sabo abin da ke faruwa ga karen ne, mu kuwa aikin mai karen muke nema. Shi ya sa nake ganin mu ɗauki sabarwa. Na sabar da shi da yara. Ana sabar da kwikwiyo da ruwa tun da wuri. Baki bai yi tuntuɓe ba.

8/ Wani ɗan'uwa ya ce ai "ka sabar masa" yawanci zargi ne, kamar yadda ake faɗa wa wanda ya shagwaɓa yaro. Gaskiya ne, kuma ni wannan ƙarin daraja na gani. A waɗannan makonni mummunan abu ma kamawa yake yi. Kwikwiyon da babban kare ya turmushe yana mako 9 an sabar masa, sai dai da tsoro aka sabar masa. Kalmar ba ta yi alkawarin alheri ba, kuma ba ta ce za a sauya halitta ba. Tsoro yana da gado. Wani kwikwiyon ko an yi masa komai daidai, mai taka-tsantsan zai zama, sai dai ya iya aikinsa.

9/ An tambayi batun rigakafi, tunda lokacin sabarwa kan shuɗe kafin allurai su kammala. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2008 cewa kada a jira, ana iya farawa daga mako 7 zuwa 8, bayan kwana 7 da allurar farko, a wuri mai tsabta. A ɗauke shi a hannu ya ga titi, ya haɗu da karnukan da aka san lafiyarsu, a guji inda kowane kare ke kashi saboda cutar Parvo.

10/ To ga inda na tsaya, sai in wani ya zo da wadda ta fi. Aikin sunansa sabarwa. Mako 3 zuwa 12 lokacin sabarwa. Abin da ake fatan gani a jikin karen, sakin jiki. Karen da ke razana da harbi kuwa bai buƙatar ƙirƙira, mai tsoron bindiga ya wadatar. Yaya, ki duba min ko "sabarwar kwikwiyo" ta fi daɗin ji, ko mu ce "sabar da kwikwiyo" a kan takardar da za a ba sababbin masu kiwo.