Dan Allah ku taimaka, diraya na mayar min da gashi kaman tsintsiya

Ƴar Auta:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abun ne ya ishe ni. Shekara biyu da wata huɗu kenan da na daina rilaksa, dalili kuwa na ƙarshen da aka saka min ya ƙona min ƙeya har wajen ya yi ɓawo, na yi sati biyu ban kwanta rigingine ba, daga nan na rantse. Na yi wata takwas ina fama da gashi kala biyu, tushe a murɗe baki a miƙe, ranar nan dai zuciya ta ɗebe ni cikin dare na ɗau almakashi na datse shi da kaina gaban madubi, da safe yayata ta gan ni ta yi ta dariya har da hawaye wai ta samu ƙani, har yau in mun yi faɗa sai ta tuno min. Na shanye. Yanzu Alhamdulillah in na ja shi yana taɓo kafaɗa, amma da ya sha ruwa sai ya ƙanƙance kaman ba shi ba, shi ya sa nake busar da shi da diraya kafin kitso dan mai kitsona ta ce ba ta iya kama shi in ya dunƙule. Toh matsalar, ranar da na busar yana kyau sosai, kwana biyu sai ya koma kaman tsintsiya, in na taɓa har ƙara yake, wajen da nake tajewa kuwa duk guntayen gashi a ƙasa. Kuma wallahi ba na masa rowar mai, man kaɗanya nake lafta masa kafin na kunna dirayar, in na gama ma na ƙara. Ina nake kuskure? Kar dai wahalar shekara biyu ta tashi a banza.

Maman Ƴan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, kin tuna min da nawa. Ni fa wata yarinya ce a salun ta gama da ni, tana busar min da kai tana waya, ta tsayar da abun waje ɗaya har na ji ƙauri, na yi magana ta ce wai tururi ne. Tururi yana warin ƙonannen gashi? Har yau gefen hagun bai kamo na dama ba. Shawarata ki jefar da dirayar nan kawai, in kin wanke ki yi manyan kitso guda shida ko takwas ki kwana da shi, da safe zai miƙe daidai gwargwado.

Anty Mai Salun:
Ƴar Auta amsa min waɗannan tukunna. A wace lamba kike saka zafin? Gashin yana ɗigar ruwa kike farawa ko sai ya tsane? Da bakin dirayar nan mai mataji kike bi ko me? Sau nawa a wata? Kuma me kike sakawa bayan shamfu, dan ban ga kin ambaci kondishina ba ko sau ɗaya.

Ƴar Auta:
Anty a na ƙarshe nake sakawa dan gashina akwai cika, in na rage zafin sai na yi awa biyu hannuna ya sage. Ina goge shi da tawul dai kafin na fara. Eh da mai matajin. Duk sati biyu. Kondishina ina sakawa wani lokacin, in ban makara ba.

Anty Mai Salun:
Toh ai kin ba kanki amsa. Ki saurare ni da kyau ƙanwata, dan kusan kullum sai na yi wannan bayanin a bakin aiki har muryata ta dushe. Mai ba ruwa ba ne. Man kaɗanya ba ya ba gashi danshi, aikinsa ya rufe danshin da ke ciki kar ya gudu, in babu komai a cikin to bushewa kika rufe. Kuma gashi irin namu tun asali ya fi saurin bushewa saboda a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har baki yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi. Sai ki zo ki lafta masa mai kauri yana jiƙe, man ya hana ruwan saman tafiya da wuri, dole ki daɗe da wuta a kansa, ga lamba ta ƙarshe ga mataji yana fizga. Me kike so ya yi?

Danshin da kike nema a wajen wanki ake samunsa, kafin a je ga diraya. Bayan shamfu ki saka kondishina mai kauri, ki rufe da hular leda minti 20 zuwa 30, tun yana kan ki warware shi da yatsu sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa tushe. Ki ɗauraye. Kar ki murza da tawul, tsohuwar riga ta auduga ki samu ki naɗe ya tsotse ruwan. Ki raba shi gida shida ko takwas, kowane ki shafa masa kondishinan nan da ba a wankewa ɗan kaɗan, sannan man kariyar zafi, ki murɗe ki bar shi ya sha iska har ya kusa bushewa da kansa, yadda in kin taɓa sanyi kawai za ki ji ba ruwa ba. Sannan ki cire bakin matajin nan ki ajiye. Ki kamo kashi ɗaya ki ja shi da hannu ya miƙe, ki riƙa bin sa da iskar daga tushe zuwa baki a zafi na tsakiya, hannunki kar ya tsaya waje ɗaya. In ya bushe ki danna maɓallin sanyi. Bayan duk wannan ne za ki ɗan murza man kaɗanyar a tafi ki shafa a bakin gashin, kaman ƙwayar gyaɗa ya isa kashi guda. Da dare ki saka hular yadin satin.

Ƴar Auta:
Na gode Anty, amma gaskiya man kaɗanya bai taɓa ba ni matsala ba, da shi na raino gashin nan tun yana kaman na jariri. Kuma ni na ga masu bidiyo da yawa suna amfani da mai matajin, nasu lafiya lau. Anya ba dirayar ce ba ta da kyau ba? Tsohuwa ce ta yayata.

Mai Karatun Kimiyya:
Bari na ɗan sa baki. Abun da ya sa diraya ke miƙar da gashi, ruwa yana kwance wasu ƴan ɗaure-ɗaure marasa ƙarfi a cikin sinadarin keratin da gashi ya ƙunsa, in ya bushe a miƙe sai su sake ɗaurewa a haka, shi ya sa da ya ji laima yake komawa gidan jiya. Kenan jan da kike masa yana bushewa shi ne aikin, ba tsananin zafin ba. Sannan akwai wani bincike da aka yi a Koriya ta Kudu aka buga a 2011, sun gwada tazara kala-kala, suka ga duk yadda aka matso da dirayar kusa zafin na ƙaruwa kuma saman silin gashin na ƙara tsattsagewa, a tazarar santimita 15 ana motsa hannu ɓarnar ta fi ƙanƙanta. Mai matajin nan kuwa ai a jikin gashin yake, babu tazarar ma. Kuma ruwa yana tafasa a digiri 100, in wuta mai tsanani ta samu gashi da ruwa a cikinsa yana iya yin ƴan kumfa a cikin silin, nan wajen yake karyewa.

Anty Mai Salun:
Abun da na faɗa kenan ai, an dai saka masa lamba.

Uwar Gida:
Nikam ban yarda da man kariyar zafin nan ba, yawanci silikon ne a ciki, yana taruwa a gashi ya hana ruwa shiga. Na daina duk wani abu mai silikon shekara uku kenan. Man kwakwa kawai, ki shafa ki kwana da shi kafin wanki, an ma yi bincike a Indiya a 2003 aka ga yana shiga cikin silin gashi yana rage zubewar furotin. Ni abun da ke ci min rai ma kwalaben da na tara kafin na gane, durowa guda, kowace an ce ita ce ƙarshe.

Anty Mai Salun:
Uwar Gida ke ba kya saka wuta a kanki, ita tana sakawa. Silikon ɗin da kike gudu shi ne yake lulluɓe gashin ya rage masa zafin, kuma shamfu yana wanke shi tas. Man kwakwa kafin wanki ban ƙi ba, amma kar wata ta karanta ta ɗauka shi ne kariyar zafi.

Maman Ƴan Biyu:
Ni man kwakwa sandarar min da gashi yake kaman waya. Kowa dai da kansa.

Baƙuwa:
Ƴar Auta ki yi haƙuri, a hotonki na ga kaman bakin gashin ja ne, ko hasken waya ne?

Ƴar Auta:
Eh na ɗan rina bakin wata biyar da suka wuce, sai da aka fara saka na haskewa dan kalar ta fito. Amma wannan ba shi da alaƙa, sau ɗaya ne kawai kuma mai kyau aka saka min.

Anty Mai Salun:
Ikon Allah! Kin ba mu labarin yayarki da almakashi da ƙeyarki amma wannan kika tsallake? Shi ne kan maganar ai. Maganin haskewa buɗe saman silin gashi yake ya shiga ya cinye kalar, kuma wajen ba ya komawa yadda yake, ruwa na shiga da sauri yana fita da sauri, shi ya sa kwana biyu kike jin tsintsiya. Je ki duba guntayen da ke zuba, na tabbata jajaye ne. Gashin da ya fito daga fata ba rai gare shi ba, ba ya warkewa, bakin da ya tsage sai dai a datse. Ki bari a rage miki ko santimita 2 ne, ki huta da diraya wata biyu, in kin dawo sau ɗaya a wata ya isa.

Ƴar Auta:
Kai Anty, datsewa kuma? Gashin da a wata da ƙyar yake ƙara santimita 1, wata biyu kenan fa kike so na zubar. Kuma na duba, ba duka ne jajaye ba, akwai baƙaƙe a ciki. Ni dai ina ganin dirayar ce. Maganar hutu kuma mai kitsona ba za ta taɓa shi a dunƙule ba, na faɗa tun farko.

Uwar Gida:
Toh ki canza mai kitson mana. Su ma suna da laifi, in ka je da gashinka na asali sai su riƙa tsaki kaman ka kawo musu aiki kyauta, wata har ce min ta yi in je in saka rilaksa in huta in hutar da mutane.

Mai Karatun Kimiyya:
In ba za ki datse ba aƙalla ki fara busar da tushen, bakin ki bar shi ƙarshe da iska mara zafi. Kuma ki duba bayan kwalbar kondishinan da ba a wankewa, in gilisarin na cikin na farko-farko a jerin, yana jawo laimar iska gashin ya koma ya dunƙule da wuri.

Anty Mai Salun:
Na faɗi nawa. Wanda za ki datse yau da hannunki, in kin bar shi zai karye da kansa ya ja na sama.

Ƴar Auta:
Na gode muku duka Allah ya saka. Ranar Asabar zan wanke, zan gwada na tsakiyan da rigar audugan, amma man kaɗanyar zan ɗan saka ko kaɗan ne kafin na fara dan ban saba ba. Wai wace diraya ce mai kyau wadda ba ta ƙona gashi? Wata ta ce min mai baki biyu.

Sabuwar Shiga:
Salam, nima irin matsalata kenan sak, sai dai ni ban rina ba kuma nawa gaban ne yake cinyewa. Anty Mai Salun dan Allah kina nan?