Ina yin ƙuli da man gyaɗa, yaya zan sami masu saye ba tare da na ɗora wa 'yata talla ba?

Maman Hauwa:
Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekara 3 ke nan ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuli. Duk wanda ya ci sai ya yaba, amma cinikin bai wuce maƙwabta ba, su ma rabi bashi ne. Da Hauwa ce ke zagawa da faranti bayan la'asar. To bana ta shiga sakandare, ni da babanta muka yanke ta bar talla ko da za a yi asara. Tun daga lokacin gorunan mai suke jere a ɗaki, har na fara tsoron ƙulin ya yi sanyi ya lalace. Ba ni da kuɗin sanarwa a rediyo. Wayata ƙarama ce, ƙanina ne ke da babba. Don Allah a ba ni shawara.

Mai tsire daga Taura:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ai mu kika manta. Babu mai tsiren da zai hura wuta ba garin ƙuli a gefensa. Ranar Lahadi kasuwar Gujungu ke ci. Ki daka ƙulin, ki tankaɗe shi lukui, ki ƙulla a ƙananan ledoji guda goma, ƙaninki ya bi masu tsire ɗaya bayan ɗaya ya ba su kyauta su gwada. Kada ya tsaya dogon bayani, hannu kawai za mu sa mu murza mu sunsuna. Abin da muke gudu shi ne ƙulin da ya ƙone, ko wanda aka cika wa gishiri, ko aka gauraya da wani gari don ya yi auki. Wadda nake saye a wurinta yanzu da leda ɗaya ta fara da ni. Abin da ya riƙe ni kuwa, ba ta taɓa cewa Lahadi ta kawo Litinin ba.

Inna mai ƙosai:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika bar yarinya ta yi karatu. Man kuma ki nemi irinmu, masu ƙosai da awara da waina, mu ne kullum kasko ke kan wuta. In za ki gidan suna ko biki, ki riƙe ƙaramar gora a matsayin gudummawa, ki miƙa wa masu girki da hannunki. Ƙamshin zai yi miki magana. Kuma kada ki hana gyara, ko ƙuli biyu ne ki ɗora. Bashi dai ki rage shi, shi ya karya mini jari har sau biyu.

Ɗalibi daga Dutse:
Anti, ki mori wayar ƙaninki. Ya ɗauki hoton man da safe a tsakar gida, rana na ratsa gorar, ya sa a status na WhatsApp da farashi a rubuce. Awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kullum a sake sabo. Sannan kowace gora a manna mata takarda da lambar wayarki, ko da biro aka rubuta. Wanda ya ci a gidan wani ya ji daɗi ya san inda zai kira. Direbobin tasharku ma ki ba su ɗanɗano, su ke kai saƙo Kano kullum.

Maman Hauwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na riga na sa raina a kan maganar Gujungu, gobe zan kai gyaɗa inji. Malam mai tsire, garin ƙulin zalla kuke so, ko in haɗa da citta da barkono?